Tsohon kabad ɗin Ingila mai zanen zinariya: yadda za ka gane na gaske, da yadda za ka riƙe shi a hunturunmu

Ina ɗan shekara sha bakwai, ina koyon kafinta a wani shago nan Garwa, wata Hajiya ta aiko yara da wani kabad a kan amalanke. Baƙi ne wuluk, ƙofa biyu, a jikin ƙofofin an zana tsuntsaye masu dogon wuya da wata 'yar gada da mutane riƙe da laima, duk da ruwan zinariya, wasu wuraren ma zanen ya taso kamar an ɗora ƙullu ya bushe. Ta ce marigayi mijinta ne ya saye shi hannun wani nasara da zai koma gida, yanzu za ta aurar da 'yarta tana so a goge shi ya yi ƙyalli a sa a ɗakin amarya. Maigidana ya tafi ta'aziyya ƙauye kwana biyu, ni kuma ga rawar kai ga son a yaba, na ɗauko samfefa na hau ƙofar hagu da gurza, na bi da verni mai kauri har shafi biyu. Da ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙofar nan bai ce komai ba, can ya ce "kai yaro, wa ya aike ka?" Na ce "Baba ai Hajiya ce ta ce ya yi ƙyalli." Ya ce "ita Hajiyar ce ta ce ka fere wa tsuntsayen kai?" Na duba, wallahi tsuntsu uku ba kai, garin gyaran gira na tsone ido.

To tun daga ranar nake bin labarin irin wannan kaya, kuma abin da nake so in faɗa wa duk wanda ya gaji irinsa, ko ya gan shi a shagon brokant, wato na tsoffin kaya, cikin kayan kwantena da ake haurowa da su daga Duwala, shi ne ka fara sanin me ke hannunka kafin ka taɓa shi da komai, ko da tsumma ne.

Bari in fara da fentin, don nan mutane suka fi ruɗewa. Asalin wannan aiki na China da Japan ne, su can suna da wata bishiya da ake tsaga jikinta a tari ruwan da ke fita, a shafa wa katako shafi bayan shafi, in ya bushe sai ya zama kamar dutse, ruwa ba ya cin sa alkol ba ya narka shi. Jiragen 'yan kasuwan Turawa suka riƙa kai irin kayan nan Landan da Amsterdam tun cikin shekarun 1600, masu kuɗi suka haukace a kai, kaya ya yi tsada ya yi wuya. Ingila ba ta da wannan bishiya, ruwan kuma ba ya jure doguwar tafiya a jirgin ruwa, sai kafintocin Landan suka ce to mu kwaikwaya da abin da muke iya samu. Abin da suka fi amfani da shi shelak ne, wanda masu Faransanci ke ce wa gwam-lak, wani danƙo da wani ɗan ƙwaro ke tarawa a rassan itatuwa a Indiya, ana narka shi cikin alkol, a haɗa da launi a yi ta shafawa ana gogewa. Suka sa wa aikin suna jafanin, wato yi irin na Japan, ko da zanen na China ne su duk ɗaya ne a wurinsu. A 1688 wasu mutum biyu, John Stalker da George Parker, suka buga littafi a kan yadda ake yin sa har da hotunan da za ka kwafa, daga nan har matan manyan gida suka ɗauke shi abin yi a ɗaka kamar yadda namu ke saƙar hula. Wuraren da zanen ya taso kuwa alli ne aka kwaɓa da ƙaro aka ɗora, e ƙaron nan dai da ake tsinta a dajin Cadi, sannan a bi kansa da garin zinariya ko na tagulla. Shi ya sa samfefata ta cire kan tsuntsu cikin minti ɗaya, alli ne kawai a ƙarƙashi.

Zamanin da dillalai ke ce wa Jojiyan kuma, sarakunan Ingila huɗu ne a jere kowanne sunansa George, daga 1714 zuwa 1830. Shekara ɗari da sha shida kenan, saboda haka in mutum ya ce maka "na zamanin Joj ne" bai gaya maka komai sosai ba tukuna, ka tambaye shi wane Joj. Farkon zamanin katakon walnat ne ke tashe, galibi daga Faransa, to sanyin 1709 ya kashe itatuwan da yawa, a 1720 Faransa ta hana fitar da shi, a 1721 kuma Ingila ta cire haraji a kan katakon da ke zuwa daga ƙasashen da take mulka a yankin Amurka, sai mahogani na Jamaika ya cika Landan. Mahogani ɗin nan ɗan'uwan maɗacinmu ne, dangi ɗaya, in ka taɓa aikin maɗaci ka san ja-ja ɗin nan da nauyin. Sunayen da za ka ji ana kira su ne Thomas Chippendale mai shago a St Martin's Lane wanda ya fitar da littafin zanensa a 1754, sai Hepplewhite wanda matarsa ta buga nasa a 1788 bayan ya mutu, sai Sheraton a farkon shekarun 1790. A fannin jafanin kuwa akwai Giles Grendey na unguwar Clerkenwell, shi ne ya yi wa wani basarake a Lazcano ta ƙasar Sifen kaya ja wur da zinariya sama da guda saba'in, kujeru da tebura da madubai, yau sun warwatsu a gidajen tarihi na duniya. Abu ɗaya ka riƙe: Chippendale ba ya sa hannu ko tambari a kayansa, da takardun ciniki na gidajen da ya yi wa aiki ake gane nasa. Duk wanda ya nuna maka sunan a rubuce a bayan kabad yana cewa ga shaida, ka yi masa murmushi kawai.

Kuma in gaya maka gaskiya tun yanzu kada ka sa rai da yawa, mafi yawan abin da ke isowa Garwa ko Marwa ko Njamena kwafi ne. An sake yayin wannan aiki a ƙarni na 19, aka kuma yi wajen shekarun 1920, masana'antu suka yi ta zubo shi. Na Hajiya ma da na girma na tuna yadda aljihunansa suke na gane irin na baya-bayan nan ne. Amma kwafi mai shekara ɗari shi ma ba abin gurzawa ba ne.

Yanzu duba. Kar ka fara da gaba, gaba ita ce aka yi wa kwalliya don ta ruɗe ka. Ka ce a janyo maka shi daga bango ka zagaya baya da tocila. Kafintan wancan zamani ba ya ɓata katako mai tsada a inda ido ba ya gani, bayan kabad faifan katako ne uku ko huɗu na itacen Turai irin su ok ko fayin, ba fenti ba verni, sun yi duhu don kansu saboda shekaru da hayaƙi. Ka shafa tafin hannu a kai, za ka ji kwari da tudu kaɗan kamar raƙuman ruwa, sawun rabo ne na hannu, rabo na fere katako nake nufi ba rabon arziki ba. In ka ga sawun zarto a miƙe kuma ba daidai ba, hannu ne ya ja. In ka ga sawun ya lanƙwasa kamar baka, layi bayan layi, wannan zarton inji ne mai juyawa, kuma bai zama ruwan dare a aikin kayan ɗaki ba sai bayan zamanin Joj ya wuce. In kuwa bayan kwantar-plake ne, wato falankin nan na masana'anta da ake manna shi shafi-shafi, ko ka ga agraf, 'yan wayoyin nan da inji ke harbawa, to magana ta ƙare, ka sayi abinka don kyau in yana burge ka amma a farashin gwanjo.

Sai ka zaro aljihu ɗaya gaba ɗaya ka fito da shi haske. Nan ni nake daɗewa don aljihu ba ya ƙarya. Ka dubi kusurwar da gefe ya haɗu da gaba, akwai haƙora da suka shiga juna, Faransawa na ce musu wutsiyar tsattsewa. Na hannu ba sa zama daidai wa daida, wani ya fi wani faɗi kaɗan, 'yan sandunan tsakani sirara ne ƙwarai wani lokaci kamar tsinken ashana, kuma za ka ga wani ɗan layi siriri da aka ja da abin awo a gindin haƙoran, wani wurin ma zarto ya ɗan zarce layin. Na inji kuwa duk girmansu ɗaya tazararsu ɗaya kamar haƙoran zif. Na kabad ɗin Hajiya haka suke, jere reras. Ka kifa aljihun ka dubi ƙasansa, gefen da yake gogar jikin kabad ya kamata ya cinye, ya fi cinyewa ta baya, a cikin kabad ɗin ma ka ga kwarin da ya haƙa daidai da shi, shekara ɗari biyu ana ja ana turawa dole ya bar sawu. In aljihu ya cinye amma gurbinsa sumul, ko gurbi ya haƙu aljihu sabo, ɗaya daga cikinsu baƙo ne. Sannan layin katakon gindin aljihu, na farkon zamanin yawanci daga gaba zuwa baya yake tafiya, daga wajen 1770 aka koma gefe zuwa gefe. Ka duba bayan fuskar aljihun kuma, in akwai ramuka da aka toshe ban da na mariƙin da ke jiki yanzu, an taɓa canza mariƙi, wannan ba laifi ba ne babba, tsoffin kaya da yawa an canza musu, har ma yana nuna abin ya daɗe.

Bis, wato sukuru. In akwai wanda ya riga ya yi sako-sako a maƙalin ƙofa ka zare shi a hankali, kar ka tilasta wanda ya kama. Tsohon bis bakinsa a datse yake ba tsini, tsagar kansa sau da yawa ba a tsakiya take ba, zarensa ba daidai ba. Mai tsini na inji sai wajen 1850, mai kan kuros kuma sai shekarun 1930. Bis ɗaya sabo ba ya kashe kabad, wani ya yi gyara ne, amma in duka sababbi ne kuma ba tsohon rami ko ɗaya a kusa, ka gane.

In kayan ba fenti ba ne, plakaj ne, wato siririn ɓawon katako mai tsada da aka manna a sama, na walnat ko mahogani, ka nemi inda ɓawon ya ɓalle ka ga kaurinsa. Na da da zarto ake yanka shi, yana kai milimita ɗaya da rabi ko fi, na yanzu kamar takarda. In tebur ne mai zagaye ka sa mita ka auna ta nan ka auna ta can, katako yana tsukewa ta faɗi ba ya tsukewa ta tsawo, don haka tsohon tebur ba ya zama zagaye cif, sai ka samu bambanci kaɗan. Ramukan ƙwaro su ma ana ƙirƙirarsu da ƙusa ko ɗan diril don abu ya yi kamar ya tsufa, ka tura siririn tsinke, ramin ƙwaro na gaske ba ya tafiya a miƙe, yana karkacewa.

Akwai yaudara biyu da sai ka natsu. Ta farko dillalan can suna ce mata aure, a ɗauko saman wani kabad a ɗora a kan gindin wani, kowanne tsoho ne amma ba tare aka haife su ba. Ka gwada katakon bayan sama da na ƙasa, ka gwada haƙoran aljihun sama da na ƙasa, hannu ɗaya ne ya yanka? Ta biyu ta fi wayo, a samu tsohon kabad na gaske mara ado, a yi masa jafanin daga baya don kuɗinsa ya ninka. Nan baya zai ce maka tsoho, aljihu zai ce tsoho, fentin ne sabo. Yadda za ka kama shi, ka nemi inda fenti ya bi ta kan tsohon rauni ko ya cike ramin ƙwaro ko ya hau kan gefen da ya riga ya cinye. Fenti na asali tare da katako ya tsufa, inda katako ya tsage shi ma ya tsage, inda hannu ke taɓawa kullum wajen makulli zinariyar ta koɗe har jan ƙasa ko allin ya leƙo.

To na Ingila ne ko na China da Japan na asali? Launi na taimakawa, na can galibi baƙi ne ko ja, in ka ga shuɗi ko kore ko fari mai ruwan madara kusan tabbas aikin Turai ne, wani koren ma asalinsa shuɗi ne, vernin sama ne ya yi rawaya da shekaru ya mai da shi kore. Ka dubi fuskokin mutanen da ke zanen, mai zanen Landan bai taɓa zuwa China ba, sai ka ga Bature sak an sa masa doguwar riga da malfa, tsuntsu ya fi gida girma, abin dariya wani lokaci. In kana da 'yar fitilar nan mai shuɗin haske da masu canji ke duba takardar kuɗi da ita, ka kashe wuta da dare ka haska, shelak yana ba da haske ruwan lemo, wuraren da aka yi faci daga baya kuma sukan fito duhu-duhu daban. Gwajin alkol shi ne na ƙarshe kuma ni ban cika son a yi ba, ɗan auduga a kan tsinken ashana, a ɗiga alkol, a taɓa wuri ɓoyayye can ƙarƙashi, in ya yi danƙo shelak ne. A ƙarƙashi fa na ce, ba a kan ƙofa ba, kuma sau ɗaya.

Mu ce ka duba ka gamsu, ko ma kwafi ne mai kyau kana son sa. Yanzu aikin ya fara, don ƙasarmu ba ta da tausayin irin wannan kaya. An yi shi ne a garin da iska ke da laima kusan duk shekara, gidajen tarihi ma suna ƙoƙarin riƙe laimar ɗaki wajen kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Mu kuwa a hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, laima kan faɗi ƙasa da kashi 20, leɓenka ma tsagewa yake balle katako, sai bazara ta zo da zafi sama da digiri 40, sai damina ta zo komai ya kumbura ƙofa ta ƙi rufuwa. Katako yana tsukewa yana buɗewa, allin da shelak ɗin da ke kansa ba sa iya bin sa, sai su tashi kamar ɓawon gyaɗa su zube. Ba za ka iya mai da Garwa Landan ba, abin da za ka iya shi ne ka rage saurin canjin. Ka sa shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, na tsakiya, ɗakin ƙasa mai kaurin bango ma ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba. Kar ya jingina da bangon da rana ke duka da yamma, kar hasken taga ya sauka a kansa, kar ka ajiye shi saitin kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, kilim yana busar da iska kuma da irin wutarmu da ake ɗaukewa ana kawowa, sanyi zafi sanyi zafi, ya fi ba kilim ɗin illa. A hunturu ka ajiye randa ko tulun ƙasa da ruwa a ɗakin, nesa da shi kaɗan, ka riƙa rufe ƙofa, ba wani abin mamaki zai yi ba amma yana ragewa. Ka lulluɓe shi da zanen auduga mara nauyi saboda ƙura, ban da leda. Turaren wuta kuma, Hajiyoyi ku yi haƙuri, hayaƙinsa yana da maiƙo yana manne wa zinariya, kasko ya tsaya can wani ɗaki.

Gara. Kar ƙafarsa ta taɓa ƙasa kai tsaye, ka ɗora kowace ƙafa a kan karo, wato tayil na daɓe, ko guntun gilashi mai kauri, ka bar tazarar tafin hannu biyu tsakaninsa da bango yadda za ka iya leƙawa, kuma ka leƙa ɗin duk sati musamman farkon damina, gara na iya gina hanyarta cikin dare biyu. Magani a ƙasa da bango ake sa shi, ba a jikin kayan ba. Na san a shagunanmu baƙin mai da gazuwal muke shafa wa katakon rufi, yana aiki a can, amma in ka shafa wa wannan ya shiga ya ɓata shi har abada, wari ma ba zai fita ba. In kana zargin ƙwaro na ciki da rai, shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashi ka bar ta sati biyu, in ka ga sabon gari mai haske ya zubo yana nan. Wasu za su ce a nannaɗe shi da baƙar leda a shanya a rana zafi ya kashe ƙwarin, gaskiya zai kashe su, zai kuma kashe fentin tare da su. Na jafanin ba a shanya shi.

Shara da goge-goge, a nan ne mata da yara masu son tsafta suke yin irin ɓarnar da na yi. Ba ruwa, ba omo, ba man gyaɗa ko man zaitun don ya yi sheƙi, mai yana shiga tsaga ya jiƙa allin ya kama ƙura ya yi baƙi. Ba feshin nan na gwangwani da ake goge tebur da shi. Turare na fesawa ma kar a ajiye a kansa, alkol ne a ciki, ɗigo ɗaya ya bar tabo. Ƙura da buroshi mai laushi sosai ake kaɗe ta, irin na hoda da mata ke shafa fuska ya yi, sabo dai, daga sama zuwa ƙasa a hankali. Tsumma yana kama bakin ɓawon da ya ɗago ya fizge shi. In kayan mahogani ne ko walnat mara fenti kuma lafiyarsa ƙalau, shi kam za ka iya shafa masa kakin zuma da aka narka da tarbantin, siriri, sau ɗaya a shekara ya isa, kaki kuwa ba ma rasa shi, ƙasar Adamawa gidan zuma ce, a Ngaundare za ka samu mai kyau. Tagullar jiki kar ka goge ta da toka da lemon tsami ta koma kamar sabon tire, duhun nan nata masu saye suna biyan kuɗinsa.

In guntun fenti ko plakaj ya faɗo kar a share shi, ka tsince ka sa a kwalin ashana, ka ɗauki hoton wurin da waya. Kafintocin wancan zamani da danƙon fata da ƙashi suke aiki, wanda ake jiƙawa a ɗumama, kuma alherinsa shi ne bayan shekara ɗari wani zai iya sa ɗumi da laima ya buɗe ya sake gyara. Kol fari da kol na takalmi da sufa-gulu ba sa buɗuwa, in ka sa su ka rufe wa na bayanka ƙofa. Plakaj da ya ɗago za ka iya mai da shi da kanka: danƙon fata mai ɗumi ba mai tafasa ba, ka tura shi ƙarƙashi da siririn buroshi, ka danna, ka share wanda ya fito, ka ɗora 'yar leda sannan ɗan buhun yashi ka bari ya kwana. Amma fentin jafanin da ya tashi, in kayan na gaske ne, ni shawarata ka tsaya a tsincewa da adanawa, ka tura hotuna wa masu gyaran kayan tarihi ko gidajen gwanjon Turai, da yawansu suna duba hoto su ba ka amsa. Ka ɗauki gaba, baya, ƙasa, haƙoran aljihu da maƙalan ƙofa. Kabad mai tabo da fentinsa na asali ya fi wanda aka sake wa fenti daraja sau da yawa. In ka ga akwai hauren giwa ko ɓawon kunkuru a jiki kuma, kar ka ce za ka tsallaka da shi gadar Ngeli zuwa Cadi ko ka sa shi jirgi haka nan, akwai dokar ƙasa da ƙasa a kan waɗannan, 'yan duwan, wato kwastan, za su riƙe.

Ɗauka ma sai an kula, daga Ngaundare zuwa nan a bayan kamiyo rami kaɗai ya isa ya girgiza alli ya zube. A zare aljihuna a naɗe kowanne daban, a ɗaure ƙofofi da tsumma ba da sikoci ba, in sama da ƙasa suna rabuwa a raba, a ɗaga ta gindi kar a ja, a kwantar a kan katifa.

In kuma hannunka na ƙaiƙayi kana son ka taɓa irin aikin nan, yi a sabon katako, ni ma haka maigidana ya hukunta ni, ya ba ni guntun maɗaci ya ce sai na fitar da tsuntsu ɗaya mai kai kafin in sake taɓa kayan mutane. Ka kwaɓa alli da danƙon fata mai ruwa-ruwa ka shafa shafi biyar ko shida, kowanne ya bushe, ka goge ya yi sumul kamar ƙwai. Ka jiƙa shelak wajen giram 200 zuwa 250 a lita ɗaya na alkol ya kwana ya narke, ka tace da tsumma, ka zuba baƙin kunkunniyar fitila kaɗan. Shafi siriri, a bari ya bushe, a sake, bayan kowane uku ko huɗu a goge da samfefa mafi laushi, za ka kai shafi goma sha biyar kafin baƙin ya fara zurfi kamar ruwan rijiya. Kar ka yi ranar da hadari ya haɗu, shelak yana yin fari-fari in laima ta yi yawa, kar ka yi kuma ranar da ƙurar hunturu ta taso. Da sassafe a ɗaki rufe, ka yayyafa ruwa a ƙasa tukuna. Nawa tsuntsun sati shida ya ci, da na kai masa ya juya shi sama da ƙasa ya ce wuyan ya yi kama da na raƙumi, in je in sake.